Hurumin Magajiya Tabawa

"Ni dai na gaji da tarar ruwan sama a ƙwarya, Sankira," in ji Magajiya Tabawa. "Ɗaga kai ka gani. Wannan jinka ce ko rariya? Jiya Liman ya zo gaishe ni, ɗigo ya same shi a tsakar rawani, bawan Allah ko addu'ar bai ƙarasa ba ya nemi takalminsa."

Sankira Alu, mai shelar Sarkin Tunkuɗa, wanda duk dokokin kaka da kakanni suke a bakinsa, ya ɗaga kai ya dubi rufin zauren. Ta wasu wuraren har sama ana hangowa.

"Ranki ya daɗe, ai kin san abin da ya hana gyara."

"Na sani mana. Ƙwai. Ƙwan da ba a soyawa, ba ya ƙyanƙyashewa, shi ya hana tsohuwa zama a bushe."

Daga lungun zauren wani ƙaton mutum da yake tufkar igiya ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Magajiya ko kallonsa ba ta yi ba. Barde Tunau ke nan, ɗanta na fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata. Ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ita dai "baƙon zaure" take ce masa.

Yanzu in ka ji an ce da mutum abu ba huruminsa ba ne, ana nufin ya cire hannu. Ko a ce hurumin gari, wato filin nan na bayan gari da ba a nomawa. To a Tunkuɗa ta wancan zamani kalmar ta fi haka nauyi. Hurumi wuri ne da sarki da bakinsa ya ce hannunsa ba ya kaiwa can. Alamarsa ƙwan jimina, a soke a tulluwar jinka, can ƙololuwa inda kowa zai hango.

Asalin abin, wai Sarki Gajere da ya kafa garin, lokacin da wansa ya koro shi, gwaggonsa ce ta ɓoye shi a zaurenta bayan damman gero. Da Allah ya ba shi sarauta, ya hau da kansa ya kafa ƙwan, ya ce duk wanda ya shiga ƙarƙashinsa ya tsira. Allah da ikonsa, wan nan nasa, ranar da aka ci shi da yaƙi, a zauren nan ya fake. Daga nan ya fita ya ƙetare kogi ya kafa Gwambaza. Shi ya sa garuruwan biyu, duk gabar da ke tsakaninsu, babu mai raina ƙwan nan. Zauren kuwa ya zama gadon duk wadda ta ci sarautar Magajiya.

Gyaran jinkar da can ba wani abu ba ne. Sarki ya zo ya sauke ƙwan da hannunsa, a yi baibaya da sabon shifci, ya mayar. Sai dai muddin ƙwan yana ƙasa, babu hurumi. In zauren ba kowa, wa ya damu? Amma yanzu da baƙo.

Abin da ya kai Barde ciki kuwa, bakinsa ne. A yaƙin rani na bara ya faɗa a gaban mutane cewa dokin Galadima Barau ya fi sanin hanyar gida a kan hanyar fagen fama. Aka yi dariya. Galadima bai yi ba. Da aka dawo ya je ya gaya wa Sarki Cindo wai a sansani an buga wa Barde tambari, gangar da ba a buga wa kowa sai sarki. Ya kawo shaidu har da masu kuka. Sarki ya fusata, ya ce a miƙa shi ga Hauni, mai sare kai. Barde ya riga dogarai zuwa zauren uwarsa da taki kaɗan.

Tun daga ranar yana ciki. Dogarai suna zaune a gindin ɗorawa a ƙofar gida suna jira ya leƙo. Da Magajiya ta ga rana tana dukansu, ta fara aika musu da fura. Yanzu har miya suke zaɓa.

"Inna, ki bari a sauke shi kawai," in ji Barde. "Na gaji. Dubi tumbin da na yi. Sirdi ma ba zai ɗauke ni ba."

"Sankira, gaya wa baƙon zaure ba da shi nake ba. Maganar jinka nake. Wanda ya ƙosa ya gaisa da Hauni, ga ƙofa nan, ba a rufe take ba."

Ta faɗi haka ne tana gyara zaman ƙwaryar da take tarar ɗigo a saitin kansa.

Suna cikin haka sai aka ji kuge daga fada, ana kiran masu sarauta. Ba lokacin zaman fada ba ne. Magajiya ta yafa mayafi, Sankira ya yi gaba.

A zauren fada suka tarar da manzo durƙushe, taɓo har gwiwa. Ya ce Kauran Gwambaza ya ƙetare kogi da 'yan lifida ba adadi, ya ƙone rumbunan ƙauyukan gaɓa, gobe ko jibi yana bakin fadamar Rimaye. Daga fadamar kuwa sai ganuwar birni. Wani bafade ya ƙara da cewa ƙudan zuman da ke kukar ƙofar gari sun tashi tun safe, sun bar saƙarsu. Aka shiga kallon juna. Liman ya ce ƙudan zuma bayin Allah ne, suna tashi in sun ga dama, a yi ta salati a bar lissafin ƙwari.

Madawaki, tsoho ne har gira ta yi fari, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Zaki, Allah ya ja zamaninka. Ni bawanka ne tun zamanin mahaifinka, ban taɓa ɓoye maka gaskiya ba, ba kuwa zan fara da furfura ba. Dawakinmu ba su kai rabin nasu ba. 'Yan baka muna da su, amma na zaga cikinsu, kowa tambaya ɗaya yake yi, wa zai tsaya a gaba. Babu wanda ya san fadamar nan kamar Barde. A can ya yi kiwo, a can ya yi farauta. In an ce na fita zan fita, na mutu a inda aka ajiye ni. Amma mutuwata ba za ta tare Kaura ba."

Galadima Barau ya gyara zaman alkyabba. Mutum ne mai daɗin baki, maganarsa kamar ana zuba zuma.

"Zaki, mai Tunkuɗa da abin da ke cikinta. Madawaki ya yi maganar soja, ni zan yi maganar gida. Mutumin da aka buga wa tambari yana Barde, in ya dawo da nasara me za a buga masa? Kaura in ya ci mu, rumbu zai kwasa ya koma. Wancan in ya ci, gadonka zai hau. A bar ni na riƙe dawakin dama, Madawaki ya riƙe tsakiya, Allah ya isar mana."

Sarki Cindo ya dubi Madawaki, ya dubi Galadima. Yaro ne a kan gado, ga zuciya, ga kunyar janye magana. Barde kuwa taubashinsa ne, tare suka yi wasan ƙasa.

"Magana ta riga ta fita a gaban jama'a," in ji shi. "Ranar da ya fita daga hurumi, na Hauni ne. Ban janye ba."

Ya faɗi haka yana satar kallon gwaggonsa Magajiya. Ta san me yake jira. So yake ta faɗi ta roƙa, ya samu abin fakewa. Amma uwa ta buɗe baki a tsakiyar fada ta roƙa wa ɗan fari? Da ta yi haka, har jikokin masu shara sai sun ba da labari. Kuma ko ta roƙa, Galadima yana nan da shaidunsa masu kuka. Ta ja carbinta.

"Af, na tuna," in ji Galadima, ya juyo yana murmushi. "Na ji Magajiya tana fama da yoyo. Abin kunyarmu ne, uwar gari tana kwana da ƙwarya. Ina da shifci mai kyau a ajiye. Sarki ya sauke ƙwan wuni guda kawai, kafin mu fita, a yi mata baibaya, mu tafi da albarkarta."

"Allah ya saka da alheri, Galadima," in ji ta. "Tun bara nake kuka, sai yau da abokan gaba suka ƙetare kogi ka tuna da ƙeyata. Riƙe shifcinka, kada ruwa ya taɓa shi."

Aka tashi a kan gobe da hantsi za a fita.

Magajiya ta kama hanyar gida. In aka ci garin, Kaura ba zai taɓa zauren ba, amma zaure a tsakiyar toka me zai yi mata? In kuma aka yi nasara ba da Barde ba, zai tsufa yana tufkar igiya. Tana cikin wannan tunani ta sha kwanar unguwar maƙera, sai ga wani abu ya tare lungu. Jinkar rumbu ce sabuwa, an ɗaure ta a ƙasa kamar yadda aka saba, maƙwabta sun shiga ƙarƙashi sun ɗauko za su ɗora. Ba ka ganin kowa, sai ƙafafu. Jinka ce kawai take tafiya tana waƙa.

Magajiya ta tsaya cak har suka wuce.

"Sankira, maimaita min dokar hurumi, yadda kake faɗa ranar naɗi."

Sankira ya yi gyaran murya. "Ba a hawa kansa. Ba a shiga ƙarƙashinsa da makami. Ba a kama wanda ke ciki. Ba a matso shi a kan doki, ba a harbi ta kansa. Yana nan muddin ƙwai yana kan tulluwa. Ranar da ƙwai ya sauka ko ya fashe, ya tashi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranki ya daɗe."

"To ban ji ka ambaci bango ba."

Sankira ya waiga. Ya dubi jinkar rumbun da take shan kwana, ya dube ta.

"Ni dai abin da aka ba ni nake faɗa," in ji shi a hankali. "Bango ba ya ciki."

"Madalla. Biya ka gaya wa Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa ina gayya gobe da sassafe. Majiya ƙarfi nake so, ba masu surutu ba. Akwai tuwo, akwai nama."

Washegari gari na wayewa ƙofar gidan ta cika. Maƙera, mahauta, 'yan kokawa, kowa ya ci ya yi nak. Aka kwance igiyoyin da suka riƙe tsaikon jinka da bango, aka zura gora ta ƙasa. Magajiya ta tsaya da muciya a hannu tana ba da umarni.

"A hankali. Wanda ya girgiza min ƙwan nan, shi da Allah. Kai mai jan wuya, ba buhu kake ɗauka ba. Ku yi bisimilla."

Jinka ta tashi. Ƙura da tsohuwar sheƙar tsuntsaye suka zubo. Aka zame ta gefe, Barde yana takawa a ƙarƙashi daidai tsakiya, sai da aka rushe ɗan gefen bango ya samu hanya. Dogarai suka miƙe daga gindin ɗorawa, suka rasa abin yi. Babbansu ya sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, mu an ce mu tsare shi."

"To ku tsare shi mana. Ga gefen hagu can ya fi nauyi, ku sa kafaɗa. Furar da kuka sha tun bara ai ba ta tafi a banza ba."

Suka jingine sandunansu suka shiga.

Haka aka nufi fada, yara na bi, mata na leƙe ta katanga suna guɗa. Rundunar da ta taru a ƙofar fada fuska a murtuke, da suka hango ƙwan jimina yana tahowa yana rangaji, suka kuma gane ƙafafun da ke tsakiya, sai wuri ya ɗauki sowa. Masu dawaki suka yi ta dirowa suna ja da baya.

Galadima ya zo da sauri a ƙasa, alkyabba tana jan taɓo.

"Zaki, wannan wasa da doka ne. Ya fita daga zaure. Ga Hauni nan, a cika umarni."

Hauni ya matso da takobinsa, baƙin mutum mai ƙaramar murya, ya tsaya yana duban sarki.

"Sankira," in ji Sarki Cindo, "ƙwan ya sauka?"

"Bai sauka ba, Zaki."

"An hau kansa?"

"Ba a hau ba. Ta ƙasa aka ɗaga."

Sarki ya ja amawali ya rufe baki, amma kafaɗunsa suna motsi. "To ni ban ga Barde ba. Jinka na gani. Gwaggo, ina za ki da ita?"

"Shanya zan kai ta, ranka ya daɗe. An ce fadamar Rimaye akwai iska."

"Allah ya kiyaye hanya. Hauni, bi su. In ƙwan ya faɗi, ka san aikinka."

Makami ba ya shiga hurumi, saboda haka Barde ya tafi yaƙi hannu rabbana. Da ya rasa abin nuni, ya miƙa hannu, uwarsa ta ɗora masa muciyar ba tare da ta dube shi ba. Ita ma tana ciki, don ta ce ba za ta bar wa maza ƙwai ba. Tana tafe tana jan carbi, tana kallon ƙafafun masu ɗauka. Hauni yana biye a baya kamar mai rakiyar amarya.

Fadamar Rimaye a damina yaudara ce. Daga nesa sai ka ce fili ne shimfiɗe, kore shar. Amma ƙarƙashin ciyawar taɓo ne mai haɗiye saniya. Hanya ɗaya ce mai tauri, burtalin da shanu suke bi, ya ratsa ta tsakiya, faɗinsa bai fi dawaki kaɗan su jera ba. Barde ya nuna da muciya, 'yan baka suka ɓace cikin ciyawar gamba dama da hagu. Ya ce da Madawaki ya tsaya da masu mashi a bakin fadama ta wajen gari. Galadima ya ja dawakinsa ya hau wani tudu can gefe, ya ce daga nan zai fi ganin lokacin da ya dace.

"Mu kuma fa?" in ji Sarkin Maƙera daga ƙarƙashin gora, gumi na zuba.

"Tsakiyar burtali," in ji Barde. "Ku kafa gwafa ku huta, amma kada kowa ya saki."

Rana ta ɗaga sosai kafin su ji ƙasa tana rawa. Sai ga 'yan lifidan Gwambaza sun ɓullo, doki da mahayi duk a naɗe cikin auduga, kwalkwali na walƙiya, kakaki na tashi. Magajiya ta zuba ido. Ba ta taɓa ganin yaƙi ba sai a bakin maroƙa, kuma maroƙa ba su taɓa faɗin warin ba. Ta ƙara saurin carbi.

Suka hau burtali a guje. Suna zuwa tsakiya na gaba ya ja linzami har dokinsa ya miƙe, na baya suka yi ta karo da juna. Wani dogo mai jan rawani a kan kwalkwali ya matso iya inda doka ta yarda, ya tsaya. Kauran Gwambaza ke nan.

"Wa ya kawo ƙwan kakanmu fagen fama?" ya ɗaga murya.

Magajiya ta leƙo ta ƙarƙashin shifci. "Ni ce, ɗan nan. Yoyo ne ya kore ni daga gida."

"Iya, ki kauce da shi. Hanya muke so."

"Ai ban hana ka ba. Sauko ka ajiye takobi, ka wuce ta ciki, har fura akwai."

Kaura ya ciji leɓe. In ya sauka, mutum a cikin lifidi a ƙasa ba shi da maraba da dami. In ya bi ta kan ƙwan, babu sojan da zai bi shi, don kowa a Gwambaza ya san albarkacin ƙwan nan aka haife su. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ga fili kore lafiya lau. Ya ɗaga takobi, runduna ta rabe biyu, suka sauka daga burtali don su zagaye jinkar daga nesa.

Taki kaɗan suka yi. Dawakin gaba suka nutse har ciki, na baya suka hau kansu. Lifidi ya sha ruwa ya zama dutse. Barde ya ɗaga muciya sama, gamba ta buɗe, kibau suka tashi dama da hagu, ba wadda ta bi ta kan jinka. Madawaki ya taso da masu mashi ta kan tudun burtali da gefen da Barde ya nuna masa mai tauri. Ƙara ta cika fadama.

Ana cikin haka wani doki da ya yar da mahayinsa ya hauro burtali a haukace, ya banke gwafar baya, ya take ƙafar wani mahauci. Mutumin ya faɗi. Jinka ta karkata. Magajiya ta ɗaga kai, ta cikin ramin yoyon nan da ta shekara tana zagi ta hango ƙwan ya kwanta gefe, yana zamewa a kan tsinkensa.

Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. "Tunau!"

Barde ya juyo. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Amma ba shi ya kai ba. Hauni ne ya fi kusa. Ya dubi ƙwan, ya dubi wuyan Barde, ya dubi takobin da ke hannunsa. Sai ya yi jifa da takobin cikin ciyawa, ya duƙa ya sa kafaɗa inda mahaucin ya saki. Jinka ta miƙe. Ƙwan ya yi rangaji ya zauna.

"An ce in ya faɗi na yi aikina," in ji Hauni da 'yar muryarsa, yana nishi. "Ba a ce na tsaya ina kallo ya faɗi ba."

Magajiya ta gyara mayafi. "Tuna Allah nake cewa ku yi," in ji ta, ba wanda ya tambaye ta.

Kafin la'asar an gama. Waɗanda suka tsira suka bar dawaki suka yi ta kansu, sauran aka yi ta jawo su daga taɓo da igiya, igiyar nan dai da Barde ya shekara yana tufkawa. Dawakin dama kuwa suna kan tudu, ko gumi ba su yi ba. Sai da aka fara kaɗa gangar nasara Galadima ya sauko a kan wani doki akawali mai farin goshi, yana ta yi wa mutane barka.

Sarki Cindo ya iso bakin fadama, ya sauka nesa da jinka, aka shimfiɗa masa buzu. Aka kawo Kaura, taɓo har gemu, amma kai a sama. Galadima ma ya sauka ya ba baransa linzami. Sai dokin ya yi haniniya, ya fizge, ya taho kai tsaye ya sa hanci a ƙirjin Kaura yana shinshina.



Kaura ya shafa goshin dokin, ya yi dariyar takaici. "Ka gane ni, ɗan albarka. Kai ka fi sabon ubangidanka amana." Ya juya. "Galadima, haka muka yi da kai? Ka aiko mana cewa ka kulle Barde a zaure da zancen tambarin da ka ƙaga, ba mai tare mu. Ka ce dawakinka ba za su motsa ba. Wannan kam ka cika. Amma ba ka ce mana zauren yana da ƙafa ba."

"Ƙarya yake, Zaki. Kamamme ne, me ba zai faɗa ba?"

"A ɗaga jalala," in ji Sarki.

Madawaki da kansa ya yaye shimfiɗar da ta rufe cinyar dokin. Ga lamba nan an ƙona da wuta, ƙafar hankaka, shaidar bargar Sarkin Gwambaza.

Sarki Cindo ya miƙe. Ya taka har bakin jinka, ya duƙa ya leƙa.

"Barde, na zalunce ka, na kuma faɗa a gaban jama'a kamar yadda na yanke a gabansu. Na janye. Fito ka sha rana, ɗan gwaggo. Kai, wannan tumbi fa?"

"Tuwon hurumi ne, ranka ya daɗe. Ka zo ka gwada shekara guda."

Barde ya sunkuya ya fito. Ya tsaya yana ƙifta ido, ya ɗaga kai ya dubi sama kamar baƙo. Runduna ta ɗauki kabbara. Magajiya ta juya baya tana duba wani abu a jikin tankar jinka, ta daɗe tana dubawa.

"A ce da shi ya bar min muciyata," in ji ta.

Hankalin kowa yana kan Barde, ba wanda ya lura da Galadima sai da aka ji fuu. Ya yar da takobi, ya tattare alkyabba, ya ratsa tsakanin dogarai da gudun da ba a taɓa sanin yana da shi ba, ya faɗa ƙarƙashin jinka ya rungume gwafa.

"Hurumi," ya ce yana haki. "Na shiga hurumin Magajiya."

Hauni, da ya je ya tsamo takobinsa daga ciyawa, ya tsaya a bakin shifci yana goge shi da gefen riga. Sarki ya dubi Sankira. Sankira ya buɗe hannuwa, alamar doka doka ce.

Hadarin da ya wuni yana haɗuwa ya fara sakin yayyafi. Ɗigo na farko ya bi ta ramin nan, ya sauka ɗas a tsakar rawanin Galadima. Na biyu ya bi shi. Magajiya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi ramin, ta fito ta durƙusa a gaban sarki cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, baƙona na da ya tafi, Allah ya kawo wani. Ba na korar baƙo, tuwo kuma ba zai gagara ba. Sai dai ka ga yoyon nan da idonka. Jiya a fada Galadima ya kawo shawara, na ƙi, yanzu na ga gaskiyarsa. Ya ce yana da shifci mai kyau a ajiye." Ta ɗan waiga wajen jinka, inda idanu biyu suka zuro ta tsakanin ƙafafun maƙera. "Wuni guda kawai, in ji shi. Ko za ka taimaki tsohuwa, ka sauke min ƙwan nan a yi baibaya?"